Sauti Na Yankewa, Piyano Kuma Ya Ƙi Magana Da Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiɗa a wuraren biki da laftof mai Windows, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, na'urar sauti ta USB da piyano da nake haɗawa ta MIDI. A gida komai lafiya lau. A wurin biki kuwa, wani lokacin sautin ya riƙa tsattsagewa, wani lokacin FL Studio ya ce ba zai iya buɗe na'urar ba, wani lokacin kuma in danna piyano shiru. Shin laftof ɗin ce ta gaji?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi saurin kai laftof kasuwa. Matsala biyu ce ka haɗa, ta sauti daban, ta MIDI daban. MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan, saƙo kawai yake aikawa: an danna wannan maɓalli, da wannan ƙarfi, an sake shi. Saboda haka piyano na iya yin shiru alhali sauti lafiyarsa ƙalau.

Mu fara da sautin. Don aikin kai tsaye, direban da kake buƙata, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar, shi ne ASIO, wanda kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, domin yana kai sauti na'urar ba tare da ya bi ta mahaɗin sautin Windows ba. Sai dai ASIO ɗin da kamfanin na'urarka ya yi mata shi za ka ɗora. Mutane da yawa ASIO4ALL suke zaɓa don sun saba da shi. Yana da amfani ga wanda ba shi da komai sai sautin cikin laftof, amma ga mai na'urar waje wahala yake ƙarawa, domin yakan riƙe na'urar shi kaɗai. Idan Chrome ko WhatsApp ta kwamfuta sun riga shi kamawa, sai ya ƙi buɗewa.

Maganin da na fi so: shiga saitin sautin Windows ka bar lasifikar laftof a matsayin na'urar yau da kullum, ka ware na'urar USB ga FL Studio kaɗai. Ko banza ba ka son ƙarar shigowar saƙo ta fita ta manyan lasifiku ana tsakiyar rawar amarya.

Sai ka duba adadin samfur (sample rate), wato sau nawa ake auna sautin a kowace daƙiƙa. Idan Windows na kan 44,100 a daƙiƙa, FL Studio kuma yana neman 48,000, na'urar za ta riƙa sauyawa tsakaninsu, a nan ake jin ƙas-ƙas. Daidaita su a lamba ɗaya. Bayan nan girman bafa, wato yawan samfurin da kwamfuta ke tarawa kafin ta tura sauti: a 48,000, bafa 128 tana ba da jinkirin kusan milidaƙiƙa 2.7, 256 kusan 5.3, 512 kusan 10.7, ban da abin da na'urar ke ƙarawa. A gida 128 na iya ɗauka, amma a biki laftof ta yi zafi ta rage gudu. Sa 256, yatsunka ba za su ji bambanci sosai ba. Kashe Wi-Fi, ka sa cajar a jiki, ka kashe USB selective suspend, mai sa ramin USB barci don tsimin wuta, a saitin wuta. Idan tsattsagewar ta ci gaba, manhajar LatencyMon za ta nuna maka direban da ke cin lokacin kwamfutar.

Gurnanin da ke ɓacewa da zarar ka zare caja kuwa ba na direba ba ne, daga wutar janareta da haɗin waya yake. Akwatin DI, ƙaramar na'ura da ake sawa tsakanin na'urar sautinka da kayan sautin wurin biki, ke maganinsa.

Yanzu MIDI. A tsohon tsarin Windows, ƙofar MIDI manhaja ɗaya take karɓa a lokaci guda, kamar rumfar kasuwa mai makulli ɗaya: wanda ya riga zuwa shi ke ciki. Idan manhajar saita piyanon tana buɗe, ko wani shafi a Chrome da ka ba izinin MIDI, FL Studio zai ga sunan piyanon amma babu saƙon da zai iso. Rufe su duka. Idan dole manhaja biyu su ji piyano ɗaya, loopMIDI na ƙirƙirar ƙofofin wucin gadi da za ka raba saƙon ta cikinsu.

Akwai kuma abin da ya sa na yi zargin gida da biki sun bambanta: ramin USB. Windows kan ɗauki piyanon a matsayin sabon baƙo idan ka sauya rami, ya ba shi sabon gurbi a jerin na'urorin MIDI, kuma wasu direbobin MIDI suna aiki ne a gurabe goma na farko kawai. Ka manna tef a ramin da kake amfani da shi, kada ka sauya. Kunna piyano da na'urar sauti tukuna, sannan ka buɗe FL Studio, ka danna F10 ka tabbatar an kunna piyanon a jerin MIDI. Idan kuma kana jin kowane sauti sau biyu, shiga saitin piyanon ka kashe Local Control, saitin da ke sa piyanon ya fitar da nasa sautin da zarar ka danna maɓalli.

In za ka gwada, sauya abu ɗaya ka saurara kafin ka taɓa na gaba, kuma ka yi gwajin da waƙar da ta fi nauyin kayan kiɗa a jerinka, laftof ɗin tana da zafi.