Tambayi Kafinta: Iska ta yaye mini rufi sau biyu

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ɗakina a Garwa, arewacin Kamaru, faɗinsa mita 6 ne. Sau biyu hadarin farkon damina yana yaye mini kwano, duk da duwatsun da na jera a kai. In sake sayen katako mai kauri ne?

Amsa: Ɗana, Allah ya mayar da alheri. Kada ka yi saurin zuba kuɗi a kauri. A shekarun da na yi ina hawa kan gini, yawancin rufin da na ga iska ta ɗauka katakonsu lafiya lau yake, ɗauri ne babu.

Iska ba ture rufi take yi ba, tsotso shi take yi sama, musamman wanda ya kwanta kamar faifai. Saboda haka ka ba shi tudu. A faɗin mita 6 ni ina ɗaga tsakiya aƙalla mita ɗaya. Katako biyu su gangaro daga ƙololuwa, na uku ya kwanta ya riƙe ƙafafunsu, a sa ginshiƙi a tsakiya da tokara dama da hagu. Wannan na kwancen shi ke hana rufin tura bango waje, kuma shi ne wasu ke haɗawa da guntaye don rage kuɗi. Abin yana ci mini rai.

Yanzu ga inda ake asara. Tun lokacin zuba kankaren saman bango, ka sa magini ya bar rodi a tsaye inda kowane ƙashin rufi, wato wannan haɗin katako mai kusurwa uku, zai zauna, a lanƙwaso shi kan katakon a buga. In ginin ya riga ya gama, a huda bango ƙasa da kankaren a zagayo da ƙarfe. Ƙusar kwano kuwa mai hula, a buga ta a tudun kwano, a yawaita ta a gefe da kusurwa, don ta nan iska ke fara kamawa. Duwatsun nan ka sauke su kafin su faɗo wa yaro.

Katakonmu daga kudu yake zuwa ta Ngaundere, wani da ɗanyensa. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, sai ya murɗe shi. Ka jera shi a inuwa ya sha iska tukuna. In farin katakon ayus ne, gara na son sa, ka shafe shi da magani tun yana ƙasa, har bakin da zarto ya yanka.