Amsoshin Wasiƙunku: Masu Shirin Zuwa Gaɓar Duwatsu ta Bahar Maliya

Wani direba ya rubuto daga Jidda: "Baba, mu huɗu za mu bi gaɓar teku lokacin hutu, daga Yanbu zuwa Umluj, Wajh, Duba har Haƙal. Na samu tayoyi na hannu a banshar (shagon gyaran taya), rabin kuɗin sababbi. In saye su, ragowar kuɗin in sayi kyamara?"

A'a, ɗana. Bar kyamarar, wayar hannunka ta isa. Kai da sana'arka tuƙi, bai kamata ka yi mini wannan tambayar ba. Daga Jidda zuwa Haƙal tafiyar ta haura kilomita 1,000, a kan kwalta mai zafi kamar tanda, sannan idan kun sauka daga titi don ku kusanci ruwa, tsakuwa ce mai kaifi da duwatsu. Nan ne tsohuwar taya ke nuna halinta.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai duba zanen taya ya ga bai suɗe ba, ya ce ai sabuwa ce. Roba tana tsufa ko da ba ta taɓa hawa titi ba, rana kuma tana gasa ta ta bushe ta ciki. Duba gefen tayar, akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta kai shekara biyar, ni ba zan ɗora mata rai huɗu ba. Wadda kuma aka goge lambarta ko aka shafe ta da baƙin mai tana ƙyalli, ajiye ta ka fita daga shagon. Araha ba ta ado. Ka duba safayar ma, yawancinku ba ku san ko akwai iska a cikinta ba sai ranar da ake neman ta.

Haka zancen takalma. Kullum sai na ga samarinmu sun sayi takalmi mai tambarin babban kamfani a shagon Abu Riyalain, wato shagon kayan araha, suna murna. Gam ne kawai ya riƙe tafinsa. Ruwan gishiri na taɓa shi zai ɓalle. Dutsen murjani yana yanka kamar reza, ga ƙayar bushiyar teku a kowane lungu. Akwai kuma kifin da ke kwanciya a ƙasan ruwa, kamanninsa sak dutse, ƙayarsa da dafi mai tsanani. Wanda ya taka shi, a tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a kira motar asibiti ta lamba 997, a nufi asibiti. Ku sayi takalmin ruwa mai kaurin tafi a shagon masu kayan kamun kifi, ku bar silifas a mota.

Kada ku yi tuƙin dare, raƙuma na tsallaka hanya. Ku cika tanki a kowane gari ko da rabi ya rage. Wasu sassan gaɓar da ke tsakanin Duba da Haƙal suna cikin yankin NEOM, babban aikin gine-ginen gwamnatin Saudiyya, inda kuka tarar da shinge ku juya.

Wata uwa daga Makka ta ce: "Ɗana na fari zai tafi Umluj da abokansa, za su shiga kwalekwale. Tun da ya faɗa mini ban yi barcin kirki ba. In hana shi?"

Hajiya, Allah ya sanyaya miki rai. Na san wannan fargabar, duk wanda ya haifa ya san ta. Kada ki hana shi, Umluj gari ne mai jama'a da asibiti, iyalai ma suna zuwa. Abin da za ki yi: ki sa shi ya yi miki alkawarin ba zai hau jirgin ruwan da ba shi da lasisi ba, kuma rigar ceto tana jikinsa tun kafin jirgi ya tashi, ba a ƙarƙashin kujera ba. Ya tafi da iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar. Ya ajiye lambar jami'an tsaron iyaka, 994, su ne ke ceto a teku. Ku tsayar da lokacin da zai riƙa kiranki, bayan Magariba misali. Sauran ki bar wa Allah, ki sa masa albarka.

Wani ɗalibi a Madina yana tambayar ko Farasan, tsibiran da ke Bahar Maliya daura da garin Jizan a kudu, ta cancanci wahalar zuwa.

Ta cancanta, amma da sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Jirgin ruwa daga Jizan kyauta ne, sai dai ka nemi tikiti da wuri, musamman in da mota za ka tsallaka.

Wani kuma ya ce bai iya iyo ba, amma ya sayi balan-balan ɗin yara na ninkaya don ya yi tsalle daga kan dutse, a ɗauke shi bidiyo.

Wa ya ba ka wannan shawarar? Ba ka san zurfin wurin ba, ba ka san abin da ke ƙasa ba, igiyar ruwa kuma tana maka mutum da dutse ko da gwanin iyo ne. Mayar da balan-balan ɗin ga yaran gida. Ka zauna a bakin gaɓa ka jiƙa ƙafarka, da takalmi.