Ƙwai ya kama, sai a shiga filasta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a Kano. Mai wayarin ya gama zura wayoyi, ya jona janareta duk ƙwayaye suka kama, ya ce a shiga filasta. Abokina kuma ya ce sai masu dubawa sun zo. Dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakatar da magini tukuna, abokinka ya fi gaskiya. Kamawar ƙwai tana nuna wuta ta isa wurin ne kawai. Wayar da ta kurje a cikin bututu ma tana kunna ƙwai, har ranar da za ta ɗau zafi a cikin bango.

A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba aikin lantarki da gwada shi kafin a fara amfani da shi, ita ce kuma ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Ka nemi ganin ta mai aikinka. Wanda yake da ita ba ya jin haushin wannan tambaya.

Yanzu da bango yake buɗe, a duba kaurin waya: 1.5mm² na fitilu, 2.5mm² na soket, hita da na'urar sanyaya ɗaki kuwa kowace da layinta da birekarta. A tabbatar jan ƙarfe ne zalla, domin jabu ta cika kasuwa. Sannan a gwada robar da ke rufe wayoyin da na'ura mai ƙarfin wuta bolt 500, kada sakamakon ya gaza megohm 1 (ma'aunin yadda robar ke tare wuta).

Inda na fi damuwa shi ne wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Sau da yawa nakan tarar an kafa guntun rodi a bayan gida an ce an gama. Ƙasarmu tana bushewa ƙamas da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta yadda ya kamata, don haka sandar da ta ci gwaji a Agusta tana iya faɗuwa a Maris. In da damina aka auna, a sake aunawa da rani. A haɗa da birekar nan mai yanke wuta da zarar yoyon wuta ya kai miliamf 30, ita ke ceton yaron da ya taɓa firji da jiƙaƙƙen hannu.

Tunda kana da janareta, kada ka yarda a haɗa shi ba tare da makunnin sauya layi tsakanin wutar janareta da ta kamfani ba. Rashinsa yana mayar da wuta kan layin KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, inda wataƙila wani ma'aikaci yake kan falwaya yana gyara.

Kafin filasta, ɗauki hoton kowane bango da wayar salularka, ka ajiye tare da takardar sakamakon gwajin.