Kauci ya kama lemona: sai na sare bishiyar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bishiyar lemo biyu a gidana a Zariya. Shekara biyu ke nan wani tsiro ya fito a kan rassansu, ganyensa daban, yana fure ja. Reshen da yake kai sai bushewa yake yi daga baki, 'ya'yan ma sun ragu. Na sha saran sa da adda, amma ba a daɗewa sai ya sake tohowa. Maƙwabcina ya ce kauci ne, wai sai dai in sare bishiyar gaba ɗaya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka ya yi daidai wajen sunan, amma kada ka sare lemonka tukuna. Muddin kaucin bai kama gangar jikin bishiyar ba, ana iya ceto ta.

Da farko ka tabbatar shi ne. Ganyen kauci yana da kauri da ɗan tauri, ba shi da ƙamshin ganyen lemo idan ka murza shi. Furensa dogaye ne sirara, ja ko ruwan hoda, a cure wuri ɗaya kamar tsinken ashana. Ka bi tsiron har inda ya haɗu da reshen, za ka ga wurin ya kumbura ya yi ƙulli. Nan matsalar take. Kauci ba shi da saiwa a ƙasa. Yana cusa wata irin saiwa ne cikin naman reshen, yana zuƙe ruwa da sinadaran da bishiyar ta jawo daga ƙasa. Abin da ke gaban ƙullin sai ya rasa rabonsa, shi ya sa ka ga yana bushewa daga baki. Kuma shi ya sa saran da kake yi ba ya aiki: kana cire ganye ne kawai, tushen na nan a ciki.

Maganin shi ne a cire reshen da ƙullinsa. Ka auna aƙalla santimita 30, wato ƙafa ɗaya, daga ƙullin zuwa wajen gangar jiki, ka yanke a nan. Ya fi kyau yankan ya faɗa daidai inda wani reshe ya rabu, don kada a bar dungu yana ruɓewa. Bayan ka yanke, ka dubi fuskar itacen da kyau. Idan fari ne sumul, to ka riga ka wuce inda saiwar kaucin ta kai. Idan ka ga wani tabo ko zane mai launi daban, ka ƙara matsawa baya ka sake yanka.

Ka ajiye addar nan, ka nemi zarto. Adda tana farfasa reshe, ta bar rauni mai tsage-tsage inda ruwa ke kwanciya, gara da ruɓa su samu ƙofa. Idan reshen ya kai kaurin hannu, yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, a ɗan nesa da inda kake son tsayawa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farkon, har reshen ya faɗi. Na uku shi ne na gyara, wanda zai cire guntun da ya rage. Idan aka tsallake na farkon, nauyin reshen zai ɗaye ɓawo ya yi ƙasa da shi, raunin ya fi na kaucin muni. Sannan kada ka yanke dab da gangar jiki har ka shafe ɗan tudun da ke gindin reshen, domin daga nan ɓawo ke tasowa ya rufe raunin.

Mutane da yawa suna shafa baƙin mai a wurin yankan. Don Allah kada ka yi, ƙona naman itacen yake yi. Yanka mai tsabta, a ɗan karkace yadda ruwa ba zai tsaya ba, ya wadatar. Haka ma maganin kashe ciyawa: idan ka fesa wa kaucin, yana iya ratsawa ya illata lemon.

Lokacin aikin shi ne da rani, bayan ka gama cire 'ya'yan lemon, kuma kafin 'ya'yan kaucin su nuna. Idan rassan da abin ya shafa suna da yawa, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiyar a shekara guda. Ka fara da waɗanda suka fi muni, sauran ka datse kaucin da ke kansu don kada ya yi 'ya'ya, ka bari sai baɗi. Idan kuwa ƙullin a kan gangar jiki yake, ko ya mamaye fiye da rabin manyan rassa, to a gaskiya dasa sabo ya fi.

Bayan yankan, bishiyar na buƙatar taimako. Ka zuba bokiti biyu ko uku na takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, a kewaye daidai inda inuwar rassan ta ƙare, kada ya taɓa gindin. Ka riƙa ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako har damina ta sauka.

Saura yadda ya zo gidanka. 'Ya'yan kauci suna da danƙo, tsuntsaye ke cin su, su goge ƙwayar a jikin reshe ko su yi kashinta a kai, ta manne ta tsira. Saboda haka ka tattara abin da ka sare, musamman mai 'ya'ya, ka ƙone ko ka binne. Ka kuma ɗaga kai ka dubi darbejiya da gwaiba da sauran itatuwan unguwarku, da ɗorawa da kaɗanya idan akwai gona kusa, domin duk yana kama su. Idan akwai shi a gidan maƙwabci, ku yi magana ku yi aikin tare. Daga nan ka riƙa duba rassan lemonka duk wata uku. Sabon kauci mai ganye biyu ko huɗu, almakashin yankan reshe ya isa ya cire shi tare da ɗan reshen da yake kai.