Amsa: Tarihi ko Gwamnati, wanne yaro zai ɗauka a aji huɗu?

Assalamu alaikum Malam. Ka ce ɗanka ya shiga SS1 ɓangaren adabi, makaranta ta ce ya zaɓi ɗaya tsakanin Tarihi da Gwamnati.

Fara duba abin da yake son karanta a jami'a. In lauya yake so ya zama ko kimiyyar siyasa, ko wanne ya ɗauka ana karɓa a jarrabawar JAMB, sai dai ka sake duba ƙa'idar jami'ar da yake nufi.

Darasin Gwamnati ya fi karkata ga tsarin mulki: kundin Clifford na 1922, na Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, har zuwa 'yancin kai a 1960, da jam'iyyu irin su NPC da NEPU. Yara da yawa na ganin ya fi sauƙin haddacewa.

Ni dai Tarihi nake so masa. A nan ne zai karanta daular Kanem-Borno, Hausa Bakwai, al'adar Nok, jihadin Shehu Usmanu na 1804, yadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da haɗe Arewa da Kudu a 1914. Shekaru da yawa an cire Tarihi daga ƙananan azuzuwa, sai ga yaranmu sun gama sakandare ba su san wace ce Sarauniya Amina ba. Abin yana ci mini rai.

Matsala ɗaya ce: malaman Tarihi sun yi ƙaranci. Je ka makarantar da kanka, ka tambayi shugaban makaranta ko akwai malamin da ya karanci fannin, kuma yana shiga aji kowane mako. In babu, ya ɗauki Gwamnati, ka saya masa littattafan tarihi ya riƙa karantawa a gida.

Allah ya yi masa albarka.