Tambaya da Amsa: Zan iya shiga ƙarƙashin mota da jak ɗin but in yi juye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina da Toyota Corolla kuma ina so in riƙa yin juyen mai da kaina a gida saboda kuɗin aiki ya yi yawa yanzu. Jak ɗin da ya zo da motar ne kawai gareni, sai bulo da suka rage na gini. In na ɗaga ta na tokare da bulo ya isa ko? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Juye ba aiki ne mai wuya ba, zaka iya, amma dan Allah yadda ka tsara ɗin nan kar ka yi. Wannan ɗan jak ɗin da ke cikin but an yi shi ne don canza taya a bakin hanya, aikin da jikinka yake waje, gindinsa ɗan mitsitsi ne, kana jan sufana da ƙarfi don kwance noti motar ta ɗan girgiza sai ya zame. Corolla ta haura kilo 1,000 kuma mafi yawan nauyin a gaba yake wajen inji, daidai inda ƙirjinka zai kasance kenan. Ko babban jak mai mai irin na gareji ba a yarda da shi shi kaɗai, robar cikinsa tana iya saki ya sauka ba sanarwa.

Bulo kuma ya fi ban tsoro, don mutum yana ganinsa kamar dutse sai ya saki jiki, alhali cikinsa rami ne, kuma ƙarfen mota wuri ɗaya yake dannawa, baya lanƙwasa ya baka alama, fashewa yake yi gaba ɗaya, balle bulon da ake bugawa yanzu da yashi ya fi siminti yawa. Na san zaka ce ai a gareji ana yi, eh ana yi, amma ba daidai bane.

Abin da zaka saya shi ne ƙarfen tokari mai ƙafafu, wanda masu sayar da kayan gyara ke kira jak sitan, guda biyu, ka duba nauyin da aka rubuta a jiki, mai tan 2 ko tan 3 ya ishi mota irin taka. Sau ɗaya zaka saya ya yi maka shekaru.

Sai wurin aiki, kuma nan ne matsalar gidajenmu take. Ƙasa ta zama a baje kuma mai tauri, daɓen siminti ya fi. Kan yashi ko ƙasar da ta sha ruwan damina ƙafar ƙarfen nutsewa take yi a hankali motar ta karkace, in dole ne sai a ƙasa to ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashi, gangare kuwa ko kaɗan ne a haƙura. Ka ja birkin hannu, otomatik ka sa ta a P, mai giya ka sa giya ɗaya, sannan ka sa weji a tayoyin baya gaba da baya, don da zarar gaban motar ya tashi giyar ta daina riƙe komai tunda tayoyin gaba ne ke jan ta.

Wajen kafa jak kar ka yi kirdado. In ka leƙa ƙasan ƙofa bayan tayar gaba zaka ga bakin ƙarfe mai 'yan tsagu, nan kamfani ya ƙarfafa, littafin motar ma ya nuna sauran wuraren. Kar ka kuskura ka ɗora a kan tukunyar man inji ko lagireto ko salansa. Ka ɗaga, ka zura ƙarfen tokari a wuri mai ƙarfi, ka sauke motar a hankali har nauyin ya zauna a kansa, ka yi haka a ɗaya ɓangaren. Kafin ka shiga ka kama motar ka jijjiga ta sosai, in zata faɗi gara ta faɗi kana tsaye. Ni ina son a ƙara tura safaya taya a ƙarƙashin gefen motar, kuma a samu wani babba a kusa, yara kuma a kore su, kar wani ya shiga ciki yana wasa da sitiyari.

Man ya zama da ɗumi don ya fi zuba, amma ba daga dawowa tafiya ba, zai ƙona maka hannu. Notin zubar da man inji na Corolla yawanci sufana 14 ce, kar ka ɗaure shi kamar kana faɗa da shi zare zai lalace. Sai ka sauke motar ta daidaita sannan ka duba geji, in tana ɗage ƙarya zai nuna maka. Baƙin man kuma a zuba a jarka, kar a tuttular a kwata.

In kuɗin ƙarfen bai samu ba tukuna, ka sayi manka da filta ka je garejin da suke da ramin shiga ƙarƙashin mota ka biya kuɗin aiki kawai.