Harajin Gidan Gado: Da Wane Ma'auni Za a Auna?

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu ya bar mana gida a Tudun Wadan Zariya, ɗaki tara da shaguna biyu a ƙofa da ake haya. Ni da yara huɗu muke ciki. An kawo takardar harajin gida bisa girman ginin, alhali maƙwabcinmu ɗan kasuwa mai juya miliyoyi haya yake, ba a nemi komai a hannunsa ba. Wani ya ce min duk haraji haramun ne, kada in biya. Ina gaskiya?

Amsa: Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayun nan. Hajiya, shagunan da kika ambata su ne suka raba hukuncin gida biyu.

Da Sayyidina Umar ya sa haraji a kan gonakin Iraki, Usman ɗan Hunaifu ya aika ya auna ƙasar, aka bambanta kuɗin gonar inabi da ta dabino da ta alkama, sannan ya tambayi wakilansa ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Ma'aunin ke nan: abin da dukiya ke iya ɗauka. Shagunanku suna kawo kuɗi, harajinsu adalci ne. Ɗakunan da kuke kwana kuwa ko mudun masara ba sa kawowa. Girmansu shaidar wadatar mamaci ce jiya, ba ƙarfinku na yau ba. Ban ce harajin gida ba shi da tushe ba. Kwalta da lambatu da kwashe shara gida suke yi wa aiki, suna ɗaga darajarsa, kuma ribar kasuwa tana ɓoyuwa, gini ba ya ɓoyuwa. Amma in aka auna bango aka manta da aljihun mai shi, an bar ma'aunin Umar. Maƙwabcinki harajin riba ke kansa, na gidan kuma yawanci yana cikin hayar da yake biya.

Wanda ya ce kada ki biya ya riƙe hadisan da suka tsoratar da mai karɓar maksu, kuma gargaɗin gaskiya ne. Sai dai maksu shi ne abin da ake karɓe wa mutane da zalunci, ba tare da haƙƙi ba, irin jangali da kuɗin gari da Shehu Usman ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kai. Imamu Shaɗibi, Bamalike, da Gazzali kafin shi, sun halatta wa shugaba ya sanya wa mawadata abin da zai toshe buƙatar jama'a idan baitulmali ya gaza, da sharaɗin adalci da tsayawa kan gwargwadon buƙata. Ko da an karya sharaɗin, zunubin yana kan mai karɓa, ke ba ki da laifi. Kuma ranar da aka garƙame shagunan marayu, mai wannan fatawa ba shi zai ciyar da su ba.

Haraji ba ya maye gurbin zakka, gidan zama kuma babu zakka a kansa.

Ki lura gidan ba naki ke kaɗai ba ne. In ke kaɗai ce matarsa, tumunin takaba ne rabonki, don haka kashi ɗaya cikin takwas na harajin ne a kanki. A fitar da harajin duka daga kuɗin hayar kafin a raba, ki rubuta kowace naira, domin dukiyar marayu ce za a tambaye ki. In ba a raba gadon ba, ku gaggauta.

Ki rubuta wa ofishin haraji ki nemi a sake kimantawa, a raba shaguna da ɗakunan kwana, ki haɗa da takardar rasuwar maigida da shaidar mai unguwa. Ki biya ta banki, ki adana rasit. In wani jami'i ya ce a ba shi na goro ya rage lissafi, kada ki bayar: cin hanci ne, kuma bashin yana nan a littafinsu da sunan yaranki. Wallahu a'alam.